Kecof ɗin Heinz: ra'ayina a kansa, da inda wannan suna ya samo asali

Jama'a barkanmu da war haka. Maganar kecof nake so mu yi yau, jan abin nan mai kauri da ake matsawa a kan soyayyen dankalin turawa, wanda in yara suka hango shi a tebur to babu zaman lafiya sai an matsa musu. Ni ina 'yar sana'ar soye-soye a gida, samosa da cibs da shawarma in an yi oda, don haka kala-kala sun ratsa ta kicin ɗina, masu tsada da masu araha, na kwalba da na roba da na 'yar leda. Wanda zan yi magana a kai shi ne na kamfanin Heinz, kuma bari in faɗi matsayata tun yanzu: yana da kyau sosai, ya fi yawancin waɗanda ake jerawa kusa da shi a kanti, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma ba kowane abinci ne ya dace da shi ba, duk da yanzu mutane sun mai da shi abin zubawa a kan komai.

Abu na farko da za ki lura da shi in kin buɗe shi ne kauri. Ki ɗebi cokali ɗaya ki ɗora a faranti ki bar shi, za ki ga ya tsaya a inda kika ajiye shi, bai bazu ba, kuma ba za ki ga ruwa-ruwa ya zagaye shi nan da nan ba. Launinsa ja ne mai ɗan duhu irin na tumatirin da ya dahu ya ƙone ruwansa, ba ja mai walƙiya da ke sa mutum zargin kala aka zuba ba. A baki kuwa zaƙi ne ke fara zuwa, sai tsami ya biyo baya ya ɗan tsikari gefen harshe, sai gishiri, sai wani ƙamshin kayan yaji can ƙasa-ƙasa wanda ba ya fitowa fili, kuma wlh wannan daidaiton shi ne duk sirrin, don in zaƙin ya yi yawa ya zama alawa, in tsamin ya yi yawa yara ba za su ci ba, su kuma sun san inda suka tsaya. In kika tsoma cibs mai zafi a ciki yana manne masa ya taho tare da shi har baki, ba ya zubewa a hanya ya ɓata wa yaro riga.

Irin wanda ake yi wa kasuwar Ingila, wanda shi na fi cin karo da shi a manyan kantuna, in kin juya bayan robar za ki ga kayan haɗin ba su da yawa: tumatir, khal wato binega, suga, gishiri, sai kayan ƙamshi. Sun rubuta cewa giram 148 na tumatir ake dafawa a samu giram 100 na kecof, ma'ana tumatirin da ya shiga ya fi abin da ya fito nauyi saboda an ƙone ruwan. Wannan lissafin ni yana burge ni, don shi ne ke nuna kaurin daga tumatir ya zo ba daga sitati ba. Na kasuwar Amurka kuma ba suga irin namu suke sawa a na yau da kullum ɗin ba, wani ruwan zaƙi ne da ake tatsa daga masara, shi ya sa wani lokaci mutum zai ce ya ci Heinz a wani wuri ɗanɗanon ya ɗan bambanta, to ba ƙarya ya yi ba, ya danganta da ƙasar da aka yi wa shi.

Sai maganar suga, kuma nan ne nake so uwargida ta buɗe ido. A giram 100 akwai suga kusan giram 23, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin robar nan suga ne. Babban cokali ɗaya na kecof yana ɗauke da kusan ƙaramin cokalin shayi guda na suga. Yanzu ki tuna yadda yaro ke matsawa in ba a tsaye a kansa ba, cokali uku huɗu a zama ɗaya, ga lemon kwalba a gefe. Mai ciwon suga da mai hawan jini su ma su yi hattara don gishirin ma ba kaɗan ba ne. Wannan ba laifin Heinz kaɗai ba ne, haka kecof yake a ko'ina, wasu ma sun fi shi zaƙi nesa ba kusa ba, amma dai a sani.

Abin da ke ɗan damuna shi ne yadda ake ta mai da shi miya. Na ga ana zuba shi a farar shinkafa a juya, na ga ana sa shi a jalof wai don ta yi ja, har a indomi ana lafta shi sai taliyar ta ɓace a ciki. Don Allah a daina. Kecof mahaɗi ne, ɗan abin tsomawa ne a gefen faranti, kuma duk wanda ya bi tarihin sunan zai gane tun asali haka yake, abu ne mai ƙarfi da ake ɗan ɗigawa don ya tayar da ɗanɗanon abinci. Bari in ɗan tsaya a nan don labarin yana da daɗi kuma mutane da yawa ba su san shi ba.

A jikin kwalba ketchup ake rubutawa, kuma mafi yawanmu mun ɗauka kalmar Turanci ce mai nufin wani abu da ya shafi tumatir. To babu tumatir a cikin ma'anar sunan ko kaɗan, kuma asalinta ba Turanci ba ce. Mafi yawan masana harshe sun tafi a kan cewa daga kudancin ƙasar Sin ta fito, daga yaren Hokkien na mutanen lardin Fujiyan da ke bakin teku, inda suke cewa ke-tsiap, furucin ya yi kusa da ke-ciyap. Ke ɗin kifin da aka adana da gishiri ne, tsiap ɗin kuma ruwa ko romo. Wato romon kifi. Ana samun ƙananan kifaye a jera su a tulu ko ganga, a bi su da gishiri mai yawa, a rufe a bar su watanni suna ruɓa a hankali, gishirin ya hana su lalacewa, sai wani ruwa mai launin shayi ya tatso, mai gishiri da wari mai ƙarfi, shi ake tacewa a riƙa ɗigawa a girki. Har gobe ana yin sa, a Biyetnam suna ce masa nuoc mam, a Tailan nam pla, kuma kusan babu girkin da suke yi ba tare da shi ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba don daddawa muke da ita. Kalwa ce ake dafawa a rufe ta kwana biyu uku ta ruɓa ta yi wari, wanda bai saba ba ya toshe hanci, amma miyar kuka in babu ita ai ba ta cika miya ba. To kecof na asali ɗan uwan daddawa ne ta fuskar aiki, ya fi kusa da ita a kan tumatirin gwangwani, kuma babu wanda ke cin daddawa da cokali a matsayin miya, ɗan kaɗan ake sawa.

Mutanen Fujiyan ɗin nan 'yan kasuwa ne matuƙa jiragen ruwa, sun bazu a tsibiran kudu maso gabashin Asiya, suka tafi da romonsu da sunansa. Shi ya sa har yau a Indunusiya kalmar kecap tana nan da ranta, a Maleshiya kuma kicap, sai dai a can yanzu ta fi nufin baƙin romon waken suya. Suna da kecap manis mai zaƙi da kauri, da kecap asin mai gishiri, da kecap ikan wanda shi ne na kifin. Wani abin da ya ba ni sha'awa, harafin c a rubutunsu daidai yake da namu na boko, kamar a ciki ko cokali, don haka Bahaushe in ya ga kecap zai karanta shi daidai ba sai an koya masa ba, kuma abin da muke furtawa, kecof, bai yi nisa da nasu ba.

A can ne Turawan Ingila suka ci karo da shi, wajen ƙarshen shekarun 1600, lokacin da kamfaninsu na cinikin gabas yake yawon neman masoro da sauran kayan yaji, har suna da sansanin ciniki a Benkulu da ke tsibirin Sumatra. Matuƙa jirgi mutane ne da ke wata da watanni a teku suna cin busasshen biskit da naman gishiri, to duk abin da zai sa abinci ya yi ɗanɗano kuma ba ya lalacewa ai dole su so shi. Suka riƙa saye suna kaiwa gida. Wani ɗan kasuwarsu mai suna Charles Lockyer ya rubuta a 1711 cewa romon waken suya daga Japan yake zuwa, kecof mafi kyau kuma daga Tonkin, wato arewacin Biyetnam ta yau. Da yake kunne ne ya ɗauko kalmar ba takarda ba, kowa sai ya rubuta yadda ya ji, wani catchup, wani ketchup, wani catsup, duk abu ɗaya ne, kuma wannan rabuwar rubutu ta daɗe, don a Amurka wani babban kamfani, Del Monte, sai a 1988 ya bar rubuta catsup ya koma ketchup.

Akwai masu cewa daga yaren Kantonis ne, don a can ke-jap yana nufin ruwan tumatir, kuma in ka ji furucin sai ka ce shikenan an gama magana. Amma lissafin shekaru bai ba su gaskiya ba, domin Turawa sun fi shekara 100 suna kiran abu kecof kafin wani ya yi tunanin sa masa tumatir. Ni dai bayanin romon kifin ya fi kwanta min.

Da yake na shigowa da shi tsada gare shi, sai matan Ingila suka shiga kwaikwayo a kicin ɗinsu da abin da suke da shi. A 1727 wata mai suna Eliza Smith ta fitar da yadda ake haɗawa a littafinta na girki, da ƙananan kifaye da 'yar albasa da khal da citta da kanumfari da ɓawon lemon tsami, har da giyar inabi a ciki. Daga nan abin ya buɗe, wasu su yi da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, wasu da wani ɗan itace mai ɓawo da suke kira walnut, wasu da halittun teku masu ƙwanso, kuma duk ruwa-ruwa ne baƙi ko ruwan ƙasa mai gishiri, babu zaƙi babu ja. A hankali sai kalmar ta bar nufin kifi ta koma nufin duk wani romo mai ƙarfi da ake adanawa a kwalba. Na laimar kwaɗin har yanzu ana sayar da shi a Ingila.

Shi kuwa tumatir daga wata nahiya ya taho daban. Asalinsa nahiyar Amurka ta Kudu, mutanen Meziko na dā su suka noma shi suka ba shi suna tomatl, Sifaniyawa suka kai shi Turai, kuma namu tumatir ɗin ma in an bi salsala can yake komawa. Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna tsoronsa suna ganin guba ne saboda danginsa akwai masu dafi. Sai a 1812 wani masani a birnin Filadelfiya mai suna James Mease ya wallafa haɗin kecof na tumatir, wanda ake ɗauka shi ne na farko da aka rubuta, kuma nasa ba suga ba khal, kayan yaji ne da barasa. A shekarun 1830 ma har magani aka mai da tumatir a Amurka, wani likita John Cook Bennett ya yi ta yaɗa cewa yana maganin gudawa da rashin narkewar abinci, 'yan kasuwa suka shiga buga ƙwayoyin tumatir suna sayarwa kafin kasuwar ta mutu.

To ina Heinz ya shigo? Henry John Heinz ɗan baƙi ne 'yan asalin Jamus, a yankin Fitsbag na jihar Fensilbaniya ya tashi. A 1869 ya fara sana'a da wata saiwa mai yaji da ake gurzawa a ci da nama, kuma tun lokacin a farar kwalba yake zubawa don mai saye ya ga abin da zai saya, alhali wasu a kwalba mai duhu suke sawa su ɓoye algus. Ya karye a 1875, ya sake tashi da taimakon 'yan uwansa, a 1876 ya fito da kecof na tumatir. Lambar 57 ɗin nan da kuke gani a jiki daga tallarsa ta 1896 ta samo asali, wai kaya kala 57, alhali a lokacin ma kayansa sun fi haka, lambar ce kawai ta yi masa.

Amma abin da ya sa nake ganin girman wannan kamfani ba talla ba ne, rigimar da aka yi ce a farkon shekarun 1900. A wancan zamani kecof na kasuwa abin tsoro ne, da yawa daga ragowar tumatirin da masana'antun gwangwani suka zubar ake yin sa, ruɓaɓɓe da mai tsutsa duk a haɗa, a zuba kalar da ake samu daga kwalta don ya yi ja, a zuba sinadarin hana lalacewa mai suna benzowet da yawa don kada ya fashe a kwalba. Wani masanin sinadarai na gwamnati, Harvey Wiley, ya tashi haiƙan yana yaƙar irin waɗannan sinadarai, har ya tara matasa 'yan sa kai yana ba su abinci mai ɗauke da su yana duba abin da zai faru da jikinsu, kuma gwagwarmayarsa na cikin abin da ya haifar da dokar tsaftar abinci da magani ta Amurka a 1906. Heinz ya goyi bayan dokar, ya kuma nemo hanyar yin kecof ba tare da benzowet ba: nunannen tumatir mai kyau wanda shi da kansa yake kawo kauri, a ƙara khal sosai, a ƙara suga, su biyun su riƙe shi kada ya lalace. Kun ga ke nan zaƙi da tsamin da muka sani yau ba don daɗi kawai aka fara sa su ba, dabarar adanawa ce, sai ta zo ta zama ita ce ɗanɗanon da duniya ta sani da kecof.

Tunda na ambaci giya da barasa a tsofaffin haɗe-haɗen can, na san wata za ta tambaya ko na yanzu akwai. Babu giya a jerin kayan haɗinsa. Abin da ke rikita mutane shi ne sunan khal ɗin da ake rubutawa a bayan na Ingila, akwai kalmar spirit da ke kama da ta barasa a gabansa, sai hankali ya tashi. Khal ne kawai, ruwan tsami wanda ya riga ya juye ya zama tsami ba ya sa maye, kuma khal abu ne da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba a matsayin mahaɗin abinci kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta nemi wanda aka yi wa ƙasashen Larabawa mai rubutun Larabci a jiki, ana samu, ko ta tambayi malaminta, wannan shi ya fi.

Mu dawo kan roba da kwalba. Ta gilashin ita ce ta gargajiya kuma ta fi kyan gani a tebur, amma fitar da kecof daga cikinta sai da haƙuri, ki juya ki jira shiru, ki buga gindin sai ya zubo gaba ɗaya ya cika faranti. Dalili shi ne kecof yana cikin abubuwan da in suna zaune suke da kauri, in aka girgiza su sai su saki jiki su gudana. Don haka ki girgiza da murfin a rufe tukuna, ki karkata ta, sannan ki ɗan bubbuga wajen wuyan inda aka zana 57, ba gindin ba. Ta robar da ake matsawa ta zo daga baya, mai tsayuwa a kan murfinta kuma a 2002 suka fito da ita, kuma ita na fi so don aiki, kullum kecof ɗin yana taruwa a bakin, kina matsawa yana fita, kuma bakin yana da wata 'yar roba da ke datse shi ba ya ɗiga. In ta kwana biyu ba a taɓa ba dai ki girgiza kafin ki matsa, in ba haka ba ɗan ruwan da ya taso ne zai fara fita ya jiƙa miki burodi.

Na gwada masu araha da yawa saboda sana'a dole ka yi lissafi, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Akwai masu kyau daidai kuɗinsu, babu laifi. Amma akwai waɗanda in kin duba bayansu ruwa ne a farkon jeri, sai suga, sai sitati, tumatirin yana can ƙasa, alhali ƙa'idar rubutun ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara ambata. Irin waɗannan za ki ga suna sheƙi suna santsi, a baki zaƙi ne zalla sai wani tsami mai kaifi da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro, kuma in kin sa a shawarma kafin a kai wa mai oda burodin ya jiƙe ya yage. Akwai wanda na taɓa saya ya bar wa yaro ja a harshe da leɓe har bayan an wanke baki, tumatir kuwa ba ya haka. Don haka ko ba Heinz za ki saya ba, ki juya ki karanta, tumatir ya zama shi ne na farko, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba takardar da ke liƙe a bakin ba a ɓalle ta ba.

Wajen ajiya, a jikin na Ingila sun ce in an buɗe a sa a firij a cinye cikin sati 8. Su da wutarsu ba ta ɗaukewa ke nan. Mu nan da zafin Afrilu da halin wutarmu, shawarata kada ki sayi babbar roba don ganin ta fi sauƙi a lissafi in dai ba gidan yawa ba ne ko sana'a kike yi, ki sayi ƙarama ta ƙare da wuri. Tsamin yana kare shi na ɗan lokaci ko ba firij, amma zafi na sa ya yi duhu ɗanɗanon ya canja, in kuma kika ga robar ta kumbura ko ya yi tsiit da kumfa da kika buɗe, ko warin ya koma wani iri, to a zubar kawai kada a yi ta maza. Kuma a riƙa goge bakin murfin, wannan busasshen da ke taruwa a wurin shi ke jawo ƙuda da kiyashi.

Inda ya fi dacewa a wurina: cibs, soyayyar doya, soyayyen ƙwai da burodi, samosa, kaza soyayya, sai shawarma in an haɗa shi da mayonis da ɗan yaji. Awara ma yana tafiya da ita fiye da yadda za ki zata, musamman in an soya ta da ƙwai. Amma tsire da balangu da kilishi a bar su da yajinsu na ƙuli, ƙosai ma haka, zaƙin kecof kashe musu ɗanɗano yake. Ina kuma sa cokali ɗaya ko biyu a cikin haɗin da nake jiƙa kaza kafin gashi, da tafarnuwa da citta da attaruhu, sugan da ke ciki ne ke sa fatar ta yi ja ta yi ƙyalli a wuta, sai dai a rage wutar don yana saurin ƙonewa.

Kuma tunda sunan bai taɓa zama mallakin tumatir ba, har yau wasu ƙasashe suna yin nasu da abin da Allah ya hore musu. A Filifin da ayaba suke yi, abin ya yaɗu lokacin yaƙin duniya na biyu da tumatir ya yi wuya, ana danganta shi da wata masaniyar abinci Maria Orosa, suna sa masa kala ya yi ja. A Jamus kuma kori suke haɗawa a ciki. Wannan ne ke sa ni tunanin namu, ga tumatir a Kadawa da Kura, ki je kasuwar Kwanar Gafan lokacin kakarsa ki ga kwanduna jibge har wani yana ruɓewa kafin mota ta ɗauka, wani a yanka a shanya a ƙasa, mu kuma muna sayen kecof da aka yi a wata ƙasa da kuɗin da dala ke juyawa yadda ta ga dama. Abin yana min ciwo gaskiya.

Shi ya sa in tumatir ya yi araha nake yin nawa, kuma ba wuya. Ki samu nunannu jajaye masu tsoka, ki yanka da albasa da ɗan tafarnuwa ki dafa su yi laushi, ki markaɗa ki tace da rariya mai laushi don 'ya'yan da ɓawon su fita, sai ki mayar wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya ragu ya kusa komawa kashi ɗaya cikin uku. Nan za ki sa khal da suga da gishiri, ki ƙulle kanumfari da kirfa da masoro a ɗan farin ƙyalle ki jefa, in ƙamshin ya fita ki cire. Ki ja cokali a tsakiyar tukunyar, in hanyar da ya bari ba ta rufe nan take ba to ya yi. Ki zuba a kwalbar da kika tafasa ta bushe. Ba zai yi santsi da sheƙin na kanti ba kuma ba ya daɗewa kamarsa, dole firij, amma ke kika san yawan sugan da kika sa.

In maki zan ba Heinz, huɗu cikin biyar ne, ɗayan da na cire na tsada ne da yawan suga. Wadda ke da hali ta saya don cin gida ba za ta yi da-na-sani ba, roba ɗaya tana jimawa in ana ɗiban kaɗan. Mai sana'a kuma ta yi lissafinta da kyau kafin ta saba wa kwastomominta da shi, don in suka saba ranar da kika canja sai sun gane.